Kawuna ya haƙa foraji don sadaka, amma awona ya nuna fuliyor ya wuce iyaka

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya tare da iyali. Ni budurwa ce, na karanta kimiyyar sinadarai, ina aiki a wani ƙaramin ɗakin awon ruwa mai zaman kansa a nan Maradi. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, kuma shi ya ɗauki nauyin karatuna har na gama jami'a. Bara ya haƙa foraji a ƙauyenmu, ya kafa shato, ya ce sadaka ce ga iyayensa, duk gari suna ɗiba kyauta har da yaran makaranta. Yanzu yana so ya fara ɗura ruwan a leda yana sayarwa don a samu kuɗin kula da forajin, sai aka nemi takardar shaidar ingancin ruwa, ya kawo samfurin wurinmu. Na auna fuliyor, sinadarin da yawansa a ruwan sha ke ɓata haƙora da ƙashi, da elektrod, wato na'urar awo da ake tsomawa a ruwa, na samu miligiram 3.6, da 3.1, da 3.9 a lita, alhali iyaka 1.5 ce. Sinadarin nitarat kuma ya fito miligiram 46 a lita. Shugaban wurin aikinmu aminin kawu ne, ya ce elektrod ɗin ya tsufa, in rubuta 1.2 in sa hannu. Da na gaya wa mahaifiyata sai ta ce kada in zama butulu. Ni kaina ban gama yarda da na'urar ba, tunda lambobin ba su tsaya wuri ɗaya ba. Ina tsoron in kunyata mutumin da ya zame mini uba a kan awon da ba daidai ba, ina kuma tsoron alhakin yara. Ki ba ni shawara.

Ƴarki, daga Maradi.

Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya ji ƙan mahaifinki, ya saka wa kawunki da alheri, ya kuma ba ki ladan wannan damuwa da kika shiga saboda ƴaƴan mutane. Kafin komai, akwai abu ɗaya da ba ya bukatar dogon tunani: kada ki rubuta 1.2. Ko da an tabbatar gobe cewa elektrod ɗinku ya lalace gaba ɗaya, wannan lambar babu wanda ya auna ta, ƙirƙirarta aka yi don ta faɗo ƙasa da iyaka, kuma sunanki ne zai zauna a ƙarƙashinta. Na'urar da ake shakka a kanta abin da take jawowa shi ne a sake awo, ko a rubuta cewa ba a samu sakamakon da za a dogara da shi ba. Ba ta ba kowa izinin zaɓar lambar da ta yi masa daɗi.

Sai dai ba zan ce shugabanki bai da hujja ko kaɗan ba, kuma shakkar da ke ranki shakka ce ta wanda ya san aikinsa. Elektrod yana tsufa. Wanda kike amfani da shi, Martin Frant da James Ross ne suka fito da shi a Amurka a 1966, kuma duk sirrinsa yana cikin ɗan tantanin nan mai ƙyalli da ke bakinsa, wato kiristal na lantanom fuliyorid da aka ɗan gauraya da yuropiyom. Iyon ɗin fuliyor ne kusan kaɗai ke iya ratsa wannan kiristal, saboda haka bambancin yawan fuliyor tsakanin ruwan da ke cikin elektrod da ruwan da kika tsoma shi ciki yana haifar da ɗan ƙarfin lantarki, wanda na'urar ke karantawa da milivolt ta hanyar kwatanta shi da elektrod na biyu mai ƙarfi tsayayye. Idan fuskar kiristal ɗin ta dakushe ko ta yi datti, ko ruwan gishirin da ke cikin elektrod na biyu ya ƙafe, ko mahaɗarsa ta toshe, sai amsa ta riƙa jinkiri, lamba ta riƙa yawo. Duk wannan gaskiya ne.

Amma ki zauna da alƙalami ki yi wannan lissafi, domin shi zai fi kwantar miki da hankali. Bisa ƙa'idar Nernst, duk lokacin da fuliyor ya ninka sau goma, karatun na'urar yana sauka da kimanin milivolt 59 a zafin digiri 25, kuma kuskuren milivolt 1 yana kawo kuskuren kusan kashi 4 cikin 100 a sakamako. Tazarar da ke tsakanin 3.1 da 3.9 ba ta wuce milivolt 6 ba, irin yawon da ake gani idan zafin ɗaki ya canza, ko ba a jira lamba ta tsaya ba, ko juya ruwan bai zama iri ɗaya ba. Kafin ruwa mai 1.2 ya fito a matsayin 3.6 kuwa, sai na'urar ta kauce da kimanin milivolt 28, kuma ta yi ta kaucewa gefe ɗaya a duk awon. Tsufa kaɗai da wuya ya yi haka. Ki ƙara da cewa yawancin abubuwan da ke ɓata wannan awo rage lamba suke yi: aluminiyom da ƙarfe suna kama fuliyor su ɓoye shi daga elektrod, ruwa mai tsami kuma yana mayar da shi asid ɗin da tantanin ba ya gani. Shi ya sa ruwan da aka jefa wa alif don ya kwanta yakan nuna fuliyor ƙasa da gaskiya idan ba a yi hattara ba. Wanda ke ɗaga lamba shi ne iyon ɗin hidroksid a ruwan da pH ɗinsa ya yi sama, kuma wannan na daga cikin abin da ake zuba TISAB, wato ruwan daidaitawa da ake haɗawa da samfurin kafin awo, don ya magance.

Hanyar da ta fi saurin kai mutum ga lamba mai yawa ta ƙarya ita ce ruwan ma'auni, wato ruwa mai sanannen adadin fuliyor da ake saita na'urar da shi, idan an haɗa shi ba daidai ba. Idan kwalbar da aka rubuta wa 1.0 a gaskiya 0.3 take ɗauke da shi saboda kuskuren tsarma, to duk samfurin da aka auna da ita zai kumbura fiye da sau uku, na'urar kuwa lafiyarta ƙalau. Wanda zai ce an tauye masa gero a kasuwa, tiyarsa yake fara dubawa. Saboda haka ki ajiye tsofaffin kwalaben, ki haɗa sabo da hannunki: giram 2.21 na busasshen sodiyom fuliyorid a cikin lita ɗaya ta tataccen ruwa yana ba da miligiram 1000 na fuliyor a lita, daga nan ki tsarma ki fitar da 0.5, da 1, da 5, da 10, domin lambar da kike zato ta faɗo a tsakiyarsu. Ki yi komai cikin robobi, kofi da kwalba duka, tunda fuliyor ba ya jituwa da gilashi. Ki duba tazarar milivolt tsakanin 1 da 10. Idan ta faɗo tsakanin 54 da 60 a digiri 25, elektrod ɗin yana aiki, kuma maganar tsufa ta ƙare a nan. Idan ɗakin ya yi zafi irin na bazarar Maradi, ki tuna cewa a digiri 35 tazarar da ake sa rai ta kai kusan 61, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne samfurin da ruwan ma'auni su kasance da zafi ɗaya. Kada ki fito da ɗaya daga firigo ki haɗa shi da wanda ya wuni a kan tebur.

Ki duba TISAB ɗin ma, domin a ƙananan ɗakunan awo shi ake fara yi wa rowa. Aikinsa uku ne a haɗe: gishirin cikinsa yana daidaita nauyin iyon a duk kofunan, asid asetik da gishirinsa suna riƙe pH tsakanin 5 da 5.5, sinadarin CDTA da ke cikinsa kuma yana ƙwace aluminiyom da ƙarfe ya saki fuliyor. Irin wanda aka saba da shi ana zuba shi daidai da yawan samfurin, kuma abin da aka zuba wa samfurin shi za a zuba wa ruwan ma'auni, ba ragi ba ƙari. Ki tsoma ma'aunin pH a cikin haɗin ki gani da idonki. Bayan haka sai gwajin da na fi so a irin wannan gardama: ki raba ruwan forajin gida biyu, ki ƙara wa ɗaya sanannen adadi, misali miligiram 2 a lita, ki auna duka biyun. Idan bambancin ya dawo kusa da 2, da ɗan sama ko ƙasa na kashi 10 cikin 100, to babu wani abu a cikin wannan ruwa da ke yaudarar elektrod. Ki rubuta kowane milivolt, da zafin ruwa, da rana, da sa'a, a cikin littafin aiki da biro, kada ki goge ko da lamba ɗaya da ba ta yi miki daɗi ba.

A kan nitarat kuwa, a nan ne shakkar shugabanki ta fi nauyi. Idan da elektrod kika auna shi, tantanin elektrod na nitarat roba ce mai laushi ta PVC da aka jiƙa da sinadarin musayar iyon, ba ta daɗewa kamar kiristal, kuma ba ta da tsananin zaɓe irin nasa: kulorid da bikarbonat da nitirit duk suna iya shiga a ƙirga su a matsayin nitarat, lamba ta hau. Shi ya sa ake zuba silfat na azurfa a kawar da kulorid kafin awo. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 50 ce a lita, an kuma sa ta ne musamman saboda jarirai masu shan madarar da aka dama da ruwa. Lamba 46 ba abin firgita ba ce, amma ta isa a sake aunawa ta hanyar launi, a kuma duba ko akwai masai ko turken dabbobi kusa da bakin forajin.

Ko duk gwajin nan ya goyi bayanki, kada ki tsaya ke kaɗai a gaban manya biyu da littafinki. Ki nemi shaida ta biyu daga wurin da ba ruwansa da ke, ba ruwansa da kawu. Akwai LANSPEX, babban ɗakin awo na ƙasa kan lafiyar jama'a, a Yamai, akwai ofishin ma'aikatar ruwa na jihar Maradi, kuma malamanki na sinadarai, ko a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko a Jami'ar Abdou Moumouni, za su iya nuna miki wanda ke da kayan aikin da suka dace. Zai fi kyau a yi awon na biyu da wata hanya dabam, kamar hanyar launi ta SPADNS ko kuromatografi na iyon, domin idan hanyoyi biyu da ba su da aibi iri ɗaya suka haɗu a lamba ɗaya, gardama ta yi wuya. Ki je ƙauyen ki ɗebo samfurin da kanki, tunda ba ki san jarkar da aka kawo na farko a cikinta ba: a bar famfo ya zuba na ɗan lokaci, a ɗauraye sabuwar kwalbar roba da ruwan sau uku, a cika a rufe. Fuliyor yana jure ajiya har kwana 28 ba tare da an zuba komai ba, nitarat kuwa yana son sanyi kuma a auna shi cikin kwana biyu. Ki ɗebo na tsohuwar rijiyar gari ma, za ki bukace shi nan gaba.

Za a ce miki, kuma na tabbata za a ce, ai shekara guda ke nan ana shan ruwan nan, ga yara suna ta guje-guje, haƙoransu farare. Wannan ba shaida ba ce. Fuliyor yana ɓata haƙori ne tun yana ginuwa a cikin dasashi, wato a yaran da ba su wuce shekara takwas ba, tabon kuma ba ya bayyana sai haƙorin ya fito bayan shekaru, kuma idan ya fito ba ya gogewa. A ƙashi ma a hankali yake taruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa daga miligiram 3 zuwa 6 a lita ana iya samun illa a ƙashi, musamman inda ake shan ruwa da yawa, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kin san yawan ruwan da yaro ke sha. Mutanen wannan jiha ba sa bukatar a kawo musu misali daga nesa. A Tibiri, nan kusa da Maradi, an soma shan ruwan wani foraji a 1985, ruwa garau mai daɗin sha, fuliyor ɗinsa ya ninka iyaka fiye da sau uku, kuma sai bayan shekaru da dama aka gane dalilin da ya sa yara ke tasowa da jajayen haƙora da lanƙwasassun ƙafafu. Dubban yara abin ya shafa, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Kawunki ya girmi wannan labari, da wuya a ce bai taɓa ganin ɗaya daga cikin waɗannan yara ba, waɗanda yanzu manya ne.

Wannan jinkirin na illar yana da wani amfani a gare ki. Ba guba ba ce mai kashewa cikin kwana biyu, saboda haka kina da makonni kaɗan da za ki tabbatar da awonki cikin natsuwa, ba sai kin ruga ƙauye kin tayar da hankalin jama'a ba. Makonni na ce, ban ce ki bar shi sai baɗi ba.

Yanzu ga kawu. A duk wasiƙarki ban ga inda kika ce shi da bakinsa ya nemi a canza lamba ba, shugabanki ne ya faɗa, kuma mai yiwuwa ya yi haka ne don yana jin nauyin abokinsa, ko yana ganin taimakonsa yake yi. Kada ki yanke wa kawunki hukunci a kan maganar da bai yi ba. Mutumin da ya zuba dukiyarsa don lada ya isa kabarin iyayensa, shi ya fi kowa bukatar sanin ko abin da yake shayarwa na cutarwa, kuma idan ya ji daga baya a bakin hukuma, ko bayan an buga sunansa a jikin leda an rarraba a kasuwa, tambayar farko da zai yi ita ce: ita ƴar da na sa a makaranta ba ta gani ba? Ki same shi a gida shi kaɗai, a lokacin da ya huta, ba a gaban baƙi ko yaran shago ba, kuma kada ki aika saƙo ta waya. Ki gaishe shi yadda kika saba, sannan ki ce masa abu mai kama da haka: "Kawu, ilimin da ka ba ni ne ya nuna mini wani abu a ruwan forajin nan, na kuma ga bai kamata kowa ya riga ka ji ba. Ba laifinka ba ne, ba na masu haƙa ba ne, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Ina roƙon ka ba ni izini mu kai ruwan wani wuri a sake aunawa kafin a fitar da takarda." Kin ga a nan ba ki ce a rufe foraji ba, ba ki ce ya yi kuskure ba, kin bar masa girmansa na mai yanke shawara. Idan kina jin bakinki zai yi nauyi, ki tafi da wani babba da yake jin maganarsa, amma ke za ki yi bayanin, domin ke kika san awon.

Mahaifiyarki kuma kada ki yi jayayya da ita. Tsoro ne ke magana a bakinta: mace ce da ta rasa miji, wanta ya rufa mata asiri, tana ganin duk abin da zai ɓata masa rai zai iya rushe inuwar da kuke ciki. Ki bar maganar milivolt, ki tuna mata da yaran Tibiri, ki tambaye ta ƴaƴan wa ke shan ruwan nan a ƙauye in ba jikokin ƴan'uwanta ba. Ki tabbatar mata cewa da ladabi za ki je, kuma ba za ki kai maganar waje ba kafin kawu ya ji. Ina kyautata zaton idan ta gane haka, ita ce za ta share miki hanya wurinsa.

Shugabanki ki same shi da littafin aiki a hannu, ki nuna masa tazarar da kika samu da sakamakon gwajin ƙari, ki nemi ya tsaya ku maimaita tare. Wannan yana ba shi ƙofar fita ba tare da ya ji kunya ba, tunda zai iya cewa sabon awo ne ya canza masa ra'ayi. Idan ya nace, ki ce masa cikin ladabi ba za ki iya sa hannu a kan abin da ba ki auna ba, ki ajiye hoton shafukanki a wurinki. Ba zan ɓoye miki ba, yana iya sauya miki fuska, aikin ma yana iya yin tangal-tangal, shi ya sa yana da kyau ki fara sake gaisawa da malamanki da abokan karatunki tun yanzu. Ki kuma nuna masa cewa takardar ƙarya ɗakin awon nasa za ta fara ci ranar da wani ya sake auna ruwan, kuma ruwan sayarwa ba ya rasa mai sake aunawa.

Kada ki je wurin kawu da mummunan labari kaɗai, ki tafi da abin yi. Forajin bai tashi a banza ba ko da lambar ta tabbata: ruwan yana da kyau ga wanka, da wanki, da alwala, da gini, kuma wannan kaɗai ya rage wa matan ƙauye wahala mai yawa. Abin da za a raba shi ne ruwan sha da na girki, musamman ga ƙananan yara da jarirai. Tafasawa ba ta cire fuliyor, ƙara masa ƙarfi ma take yi idan ruwa ya ƙone, ruwan jabel da ƙwayoyin tsabtace ruwa kuma ƙwayoyin cuta suke kashewa, ba ruwansu da shi. Hanya mafi araha ita ce gaurayawa, kuma a nan samfurin tsohuwar rijiya zai yi amfani: idan a misali ta nuna 0.3, to kashi ɗaya na ruwan foraji da kashi uku nata za su ba da kusan 1.1, da sharaɗin a tsabtace ruwan rijiyar daga ƙwayoyin cuta, a kuma auna nitarat ɗinta. Akwai tacewa da gawayin ƙashi, wanda ake yi da ƙasusuwan shanu kuma an daɗe ana amfani da shi a Kenya da Tanzaniya da Habasha; ga mayanka a gari, idan kuma wani ya ji ƙyanƙyami ko shakka ta addini, sai a tambayi malamai tun farko. Akwai hanyar Nalgonda ta Indiya, da alif da farar ƙasa, sai dai tana son mai kula da awo kullum. Ga ruwan leda kuwa, tunda kasuwanci ne, injin tacewa na osmos shi ya fi dacewa, yana cire mafi yawan fuliyor da nitarat a lokaci ɗaya, ko da yake yana da tsada, yana cin wuta, yana kuma zubar da wani kaso na ruwan. Kowace aka zaɓa, sai an riƙa aunawa a kai a kai don a san ranar da matacin ya ƙoshi, kuma wannan aiki ne da ke za ki iya ɗauke wa kawunki da wannan elektrod ɗin da ake ce wa tsoho.

Idan kuma sakamako na biyu ya tabbatar, kika yi bayani, kika kawo mafita, aka ce duk da haka za a ɗura a sayar, to ki sake komawa da babban da yake jin nauyinsa ko limamin garin. In hakan bai yi ba, ki gaya wa kawu da bakinki cewa za ki sanar da ofishin ruwa na jiha da likitan da ke kula da yankin, sannan ki sanar, domin kada ya ji a wani wuri ya ɗauka ta bayan gida kika bi. Ban zaci za a kai nan ba. Ki fara da sabon ruwan ma'auni a wannan mako, idan kin samu tazarar milivolt da sakamakon gwajin ƙari ki rubuto mini su, mu duba tare kafin ki je gidan kawu.